Madabod ya lalace: a gyara shi, a sa na tokumbo, ko a ƙara wa furosesa wuta?

Tsohuwar kwamfutar tebur ba ta cika mutuwa farat ɗaya ba. Takan fara da ƙin tashi da safe sai an danna sau biyu ko uku, daga nan ta riƙa kashe kanta ana tsakiyar aiki, wata rana kuma fanka ta yi ta juyawa amma allo baƙi ƙirin. Masu shagunan buga takardu na bakin tsohuwar Jami'ar Bayero da malaman da ke kula da ɗakunan kwamfuta a makarantu sun san wannan ciwo sarai. Idan ka ɗauke ta ka nufi Beirut Road ko Farm Centre, shawara uku za ka ji. Wani zai ce a gyara bod ɗin, wato madabod, babban allon da sauran kayan kwamfutar ke zaune a kai. Wani zai ce a cire shi a sa na tokumbo. Na uku zai shiga BIOS, wurin saitin bod ɗin, ya ƙara wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, wuta, cikin minti biyar ya ce maka ta warke. Kowace shawara akwai inda take da amfani, amma darajarsu ba ɗaya ba ce, kuma ta ukun ita ce nake so a fi yin hattara da ita.

Kafin a kai ga zaɓi, sai an tabbata bod ɗin ne da laifi, domin sau da yawa ba shi ba ne. Akwai ɗan batir mai kama da kwabo a jikinsa, CR2032, mai bolt 3. Idan ya mutu, kwanan wata ya koma baya, saitin BIOS ya goge, wani lokaci tsarin karanta faifai ya sauya daga AHCI zuwa IDE ko akasin haka, Windows ta riƙa nuna shuɗin allo tana komawa farko. Batir ne kawai, amma an sha sayar wa mutane sabon bod a kansa. Sai ram, katin da ke riƙe aikin da kwamfuta ke yi a lokacin: a cire shi, a goge haƙoransa, a gwada ɗaya bayan ɗaya a kowane rami. Ƙurar hunturun Kano tana shiga ramin ram ta zauna, damina ta zo ta ba ta laima, shi ke nan kwamfuta ta fara ƙara ba hoto.

Babban wanda ake zargi kuwa shi ne fawafak, akwatin da ke ba kwamfutar wuta. Mita ce ke raba gardama a nan. Wayar rawaya bolt 12 ce, ja bolt 5, mai ruwan lemo 3.3, kuma ƙa'idar ATX ta yarda da sauyin kashi 5 cikin 100 kawai. Wato rawaya kada ta sauka ƙasa da 11.4 ko ta haura 12.6, ja kuma ta tsaya tsakanin 4.75 da 5.25. Wayar shunayya ita ce ke ba da bolt 5 ko da kwamfutar a kashe take, idan babu ita maɓallin kunnawa ba zai yi komai ba. A auna yayin da kwamfutar ke aiki, domin fawafak mai rauni yakan nuna lafiya lau idan ba a ɗora masa kaya ba. A duba bayansa ma: waɗanda aka shigo da su daga Amurka da yawa suna da ɗan jan maɓalli mai 115 da 230. Wutarmu 230 ce. Wanda ya jona shi yana kan 115 zai ji ƙara da ƙauri nan take. Kada kuma wanda bai ƙware ba ya buɗe cikin fawafak, manyan kafasitocinsa suna riƙe wutar da ta haura bolt 300 ko bayan an zare waya.

To, an gwada wani fawafak mai lafiya, an canja batir, an gwada ram, ciwon yana nan. Yanzu ne maganar bod ta taso.

Gyara ya fi dacewa idan ana iya nuna abin da ya lalace da yatsa. Mafi yawan lokaci kafasitoci ne, waɗannan 'yan gwangwanayen da ke tsaye kewaye da mazaunin furosesa da ramukan ram. Mai lafiya kansa a shafe yake. Wanda ya lalace kansa yakan kumbura, ko ya tsage ya fitar da wani abu mai ruwan ƙasa kamar tsatsa, ko ya karkace saboda robar gindinsa ta turo. Daga wajen 1999 zuwa 2007 an cika kasuwar duniya da kafasitoci marasa inganci, akasarinsu daga masana'antun Taiwan, waɗanda ruwan cikinsu ke haifar da iska har gwangwanin ya fashe. Kamfanin Dell kaɗai ya ware kimanin dala miliyan 300 a 2005 saboda matsalar kafasito a kwamfutoci irin su OptiPlex GX270 da GX280. Na'urorin wancan zamani, na Pentium 4 da farkon Core 2 Duo, su ne suka zo mana daga baya a matsayin tokumbo.

Ko kafasito mai kyau ma zafi yana cin rayuwarsa. Ƙa'idar da masu ƙera shi ke bayarwa ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba tsawon rayuwarsa biyu. Ka tuna watan Afrilu da Mayu a Kano, zafi ya haura digiri 40, shago mai rufin kwano, fankar kwamfuta ta toshe da ƙura. Abin da zai yi shekaru a ofis mai sanyi a Turai, a nan ba zai kai ko kusa ba.

Canja kafasito aiki ne mai araha, kuma idan an yi shi da kyau bod yakan ƙara shekaru. Amma kalmar nan "da kyau" tana da sharuɗɗa. Girman ma'auninsa ya zama daidai da na tsohon ko kusa da shi, misali mai 1500 a mayar da mai 1500. Bolt ɗin da aka rubuta a jikinsa ya zama daidai ko sama, kada ya yi ƙasa: inda aka cire mai 16 ba a sa mai 6.3. Ya zama mai jure digiri 105, ba mai 85 ba. Sannan ya zama irin wanda aka yi don wutar da ke sauyawa da sauri, wanda ake rubuta wa ƙaramin ESR. A nan ne masu gyara da yawa ke zamewa, sai su ciro kafasito daga tsohuwar rediyo ko talabijin su liƙa, lambobin sun yi daidai, kwamfuta ta tashi, bayan 'yan watanni ta koma gidan jiya. Panasonic da Rubycon da Nichicon sunaye ne masu kyau, sai dai jabunsu ya yi yawa a kasuwa, kuma araha ba ta ado. Idan guda ya kumbura a jere, a canja duk 'yan'uwansa masu iri ɗaya, domin tare suka sha zafin. A kula da ƙafa mai kyau da mara kyau, layin da ke jikin gwangwanin shi ne ɓangaren ragi, amma alamar da ke jikin bod ba ta zama ɗaya a duk kamfanoni ba, don haka a ɗauki hoto da waya kafin a cire tsohon.

Hannun mai gyara ma abin dubawa ne. Madabod ba kamar allon rediyo ba ne, hawa-hawa ne na tagulla a manne, kuma suna shanye zafin ayan. Daga tsakiyar 2006 dokar Turai ta sa aka koma liƙi da dalma marar gubar darma, wadda ba ta narkewa sai wajen digiri 217, alhali tsohuwar tana narkewa a 183. Ƙaramin ayan ba zai narkar da ita ba, mai gyara ya gaji ya fizgo kafasiton da ƙarfi, ya taho da bututun tagullar da ke haɗa hawa na sama da na ciki. Wannan ɓarnar ba ta da magani mai sauƙi. Saboda haka kafin ka miƙa bod ɗinka, ka dubi teburin mutumin. Idan babu mita, babu ayan mai saitin zafi, ka yi masa sallama cikin mutunci ka ƙara gaba.

Gyara na biyu da ya cancanci kuɗinsa shi ne na mosfet, 'yan baƙaƙen ƙwayoyin nan masu ƙafa uku ko takwas da ke gefen furosesa. Aikinsu, tare da naɗaɗɗun wayoyi da kafasitoci, shi ne sauke bolt 12 zuwa ɗan abin da furosesa ke sha, bolt ɗaya da 'yan kai. Alamar mutuwarsu sananniya ce: ka danna maɓalli, fanka ta motsa sau ɗaya ta tsaya, ka zare wayar nan mai baki huɗu ta furosesa, fankar ta ci gaba da juyawa. Mita za ta nuna bolt 12 ya haɗe da ƙasa. Ana canjawa, kuma yana yi. Haɗarin shi ne idan mosfet na sama, wanda ke ɓangaren bolt 12, shi ne ya haɗe, ƙila ya riga ya tura wa furosesa bolt 12 kai tsaye ya kashe ta, don haka a gwada furosesar a wani bod kafin a kashe kuɗi. BIOS da ya rikice ma ana iya sake rubuta shi da ƙaramar na'ura, masu gyaran laftof da yawa suna da ita.

Inda ba na ba da shawarar gyara shi ne idan ciwon yana ƙarƙashin manyan ƙwayoyin da aka liƙa da ɗaruruwan ɗigon dalma, wato cifset ko ƙwayar hoto. Za a ce maka, "Alhaji, bari a busa masa bulowa." Za a busa, zai tashi, ka biya ka tafi da murna. Zafin bai gyara tsagewar ba, ya dai matse ta na ɗan lokaci, kuma ya gasa kafasitocin da ke kusa. Masu laftof ɗin HP Pavilion dv6000 da dv9000 masu ƙwayar Nvidia, waɗanda matsalarsu ta fito fili a 2008, sun ga wannan da idonsu. Busawar tana da amfani guda: ta tayar da na'urar ka kwashe takardunka. Haka nan bod da ya ƙone har ya yi rami, ko wanda ruwa ya zauna a kansa ya yi kore. Alluran mazaunin furosesa kuwa, tun mazaunin LGA 775 na 2004 Intel ta mayar da su jikin bod. Guda biyu ko uku da suka lanƙwashe mai haƙuri yana miƙar da su da allura da madubin ƙara girma. Idan sun karye, magana ta ƙare.

A irin wannan hali bod na tokumbo ne mafita, kuma ya fi sauri, a yini ɗaya an gama. Raunin sa shi ne shekarunsa ɗaya da wanda ka cire, ba ka kuma san inda ya kwana ba. Idan kafasitocinsa na asali ne tun 2008, bod ɗinka da aka sa wa sababbi masu kyau ya fi shi lafiya. Sannan dacewa ba ta tsaya ga sunan mazauni ba. LGA 775 ɗaya ne a ido, amma bod mai cifset 945 ba ya ɗaukar Core 2 Quad, kuma mai cifset G41 wani ram ɗin DDR2 yake sha wani DDR3, ramukansu ba sa shiga juna. A LGA 1155, bod mai H61 yana iya ɗaukar i5-3470 idan an sabunta BIOS ɗinsa, amma OptiPlex 790 ba ya wuce zuriya ta biyu ta furosesar Core i, irin su i5-2400. Kwamfutocin ofis na Dell da HP, waɗanda su ne suka fi yawa a hannunmu, suna da nasu tsarin daban. HP Compaq 8200 Elite bakin wutarsa shida ne, OptiPlex 7020 da 9020 takwas, ba 24 ɗin da aka saba ba, kuma wayoyin maɓallin gaba da na fanka ma nasu ne. A waɗannan, ka nemi bod iri ɗaya sak, ka kwatanta lambar da ke jikin takardar da aka manna masa. Kada ka karɓa a leda. A haɗa shi a gabanka da furosesarka da ram ɗinka, a cika duk ramukan ram, a gwada kowace kafar USB da ta intanet da sauti, a bar shi ya yi aiki har ya ɗau zafi, sannan ku yi yarjejeniyar kwanakin da za ka iya dawo da shi.

Saura maganar wuta, wadda ita ce ta fi ruɗa mutane. A zamanin mazaunin furosesa na Socket 7, a shekarun 1990, da hannu ake saita wutar furosesa ta hanyar 'yan marufan roba da ake dasawa a kan allurai. Pentium MMX bolt 2.8 take sha, K6-2 ta AMD akasari 2.2, wanda ya dasa ba daidai ba ya ƙona ta. Wannan zamanin ya wuce. Furosesar da duk za ka samu a kasuwa yau ita ce da kanta ke gaya wa bod yawan wutar da take so, kowace da lambarta daga masana'anta. Core 2 masu nanomita 65, irin su E6600 da Q6600, iyakarsu tsakanin bolt 0.85 ne da 1.5, masu nanomita 45, irin su E8400, ba sa wuce 1.3625. Shi ya sa BIOS ɗin OptiPlex da na HP na ofis ba su ma ba ka wurin taɓa wannan ba. Sai a bod irin na Asus ko Gigabyte ko MSI ne za ka ga ƙofar a buɗe.

Abubuwa uku ne ke sa a ɗauka wuta ta lalace alhali lafiyarta ƙalau. Mutum ya buɗe manhajar CPU-Z ya ga lambar wutar tana hawa tana sauka, ya tsorata. Ai haka aka tsara ta, tsarin SpeedStep na Intel ne ke rage gudu da wuta idan babu aiki. Ko ya ga ta ɗan sauka idan aiki ya yi nauyi. Wannan ma da gangan Intel ta tsara, don kada wutar ta yi tsalle sama lokacin da aikin ya tsaya kwatsam. Na uku ya shafi zuriya ta huɗu, Haswell ta 2013 mai LGA 1150: an shigar da wani ɓangare na mai rage wutar cikin furosesar kanta, don haka mita za ta nuna wajen 1.8 a jikin bod, kuma daidai ne. Akwai kuma kuskuren mai koyo, ya auna layin wutar furosesa da ƙasa, mita ta yi ƙara, ya ce ya haɗe. Wannan layin dama juriyarsa kaɗan ce ƙwarai. Lambobin da manhajoji irin su HWMonitor ke nunawa ma ba kullum suke daidai ba a tsofaffin bod, mita ce abin dogaro.

Me ya sa ƙara wuta ke sa kwamfuta mai kashe kanta ta daidaita? Saboda kafasitocin da suka gaji ba sa iya riƙe wutar a miƙe, tana rawa, tana faɗawa ƙasa da abin da furosesa ke buƙata. Idan aka ɗaga ta sama, ko ta faɗo ba ta kai ƙasa sosai ba. Ƙara ruwa ne a randar da ta tsage. Kuma akwai farashi: zafin furosesa yana hawa ne da ninkin wutar a kanta, ƙarin kashi 10 cikin 100, daga 1.20 zuwa 1.32, yana kawo ƙarin zafi kusan kashi 21. Wannan zafin a kan wa zai sauka? A kan mosfet da kafasitocin da dama sun kusa mutuwa. Wanda aka yi wa haka ya sayi makonni kaɗan, ya mayar da gyaran kafasito mai araha zuwa asarar bod da furosesa gaba ɗaya. Abin yana ɓata mini rai, domin mai kwamfutar yakan tafi yana godiya bai san abin da aka yi masa ba.

Akwai dai inda taɓa saitin ke da hujja. Idan bod na tokumbo ne, wataƙila mai shi na farko ya ƙara masa gudu da wuta. A goge CMOS, inda BIOS ke ajiye saitinsa, a mayar da komai yadda ya fito daga kamfani, wannan kaɗai yakan warkar da shi. Idan ram ne mai neman wuta ta musamman, misali DDR2 mai gudun 1066 da aka rubuta 2.1 a jikinsa alhali ƙa'idar DDR2 1.8 ce, to a ba shi abin da aka rubuta ko a rage masa gudu. DDR3 1.5 ne, DDR3L 1.35, kuma laftof da yawa na zuriya ta huɗu na biyun kawai suke karɓa. Idan furosesa ta fi BIOS sabunta, maganin sabunta BIOS ne, ba wasa da wuta ba, kuma kada a fara wannan sai da UPS, domin in aka ɗauke wuta a tsakiya bod ya tafi. A garinmu ma, in har za a taɓa, ragewa ta fi ƙarawa ma'ana. A bod mai lafiya ana iya saukewa kaɗan-kaɗan, 0.025 a kowane mataki, ana gwadawa da manhajar Prime95 na sa'o'i, da MemTest86 don ram. Da zarar kuskure ya fito a koma matakin baya. Amma kafin wannan, a wanke ƙarfen sanyaya, a goge busasshen man da ke kan furosesa a shafa sabo. Sau da yawa wannan ya fi duk wani saiti rage zafi.

Wa ya kamata ya zaɓi me? Wanda kwamfutarsa ke tuƙa wata na'ura, keken surfani na kwamfuta, ko injin yankan sitika, ko na'urar gwaji a ɗakin awon jini, mai buƙatar tsohuwar kafa mai faɗi ko katin PCI da Windows XP, shi gyara ya fi masa komai, ko da kuɗin ya kai na wani bod. Sauya bod na iya hana tsohuwar Windows tashi, manhajar injin kuma ƙila babu mai faifanta yanzu. Irin wannan mutum ma ya kamata ya sayi bod na biyu iri ɗaya ya ajiye tun ana samu. Makaranta ko cibiyar jarrabawa mai kwamfutoci iri ɗaya da yawa, sauyawa ta fi mata sauƙi, matattun su zama wurin ciro kayan gyara. Mai shagon buga takardu da ke kan Pentium 4 ko Core 2 Duo kuwa, ya tambayi kuɗin cikakkiyar tokumbo mai Core i5 kafin ya biya kowane gyara. Idan gyaran ya doshi rabin wannan kuɗin, ni ba zan gyara ba, musamman da yake Pentium 4 tana shan wuta da man janareta fiye da aikin da take yi. A sani kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a hukumance daga zuriya ta takwas take farawa, don haka duk waɗannan na'urori ba inda za a zuba kuɗi mai yawa ba ne.

Kowanne ka zaɓa, ka nemi a ba ka abin da aka cire a hannunka, ka tambayi mai gyara, "Injiniya, me mita ta nuna, kuma ka taɓa wani abu a BIOS?" Sannan ka duba abin da ya kashe bod ɗin tun farko. Idan fawafak ne mai rauni, zai kashe na biyun ma. Idan wutar janareta ce mai hawa da sauka, ko wadda ake dawowa da ita da ƙarfi, a sa sitabilaiza ko UPS, a kashe soket kafin a sauya layi daga janareta zuwa wutar gari, a ɗaga kwamfutar daga ƙasa, a kuma busa mata ƙura a ƙarshen hunturu kafin zafin bazara ya shigo.